Yaƙi ya ci takardun bincikena: in cike gurbin da hannuna?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin majistir ne, wato digiri na biyu, a fannin lafiyar al'umma, haifaffen wani ƙauye a jihar Jazira ta Sudan. Yanzu muna zaman hijira a Gadarif, ni da mahaifiyata da ƙannena mata biyu. Bincikena a kan tsargiya ne, wato fitsarin jini, tsakanin yaran ƙauyuka da kambo (matsugunan 'yan ƙwadagon gona) biyar da ke bakin magudanan ruwan noma. A tsarin da aka amince mini, yara 384 zan gwada. Makarantun boko a rufe suke a lokacin, don haka gida-gida na bi, da makarantun allo. Na gwada yara 310 kafin Madani, babban birnin Jazira, ta faɗi a yaƙi a Disambar 2023. Takardun duka suna cikin kwali a ɗakin gwaji, ban sake ganinsu ba. Abin da ya tsira shi ne guda 226 da na ɗauki hotonsu a waya, na ƙauyuka uku.

Yanzu karatu ya dawo, kuma mushrif ɗina, wato malamin da ke duba bincikena, ya turo mini saƙo: "Cika adadin ka kawo, lokaci ya ƙure." Wani abokina ya ce kowa haka yake yi, ba mai ƙirga takarda ranar munaƙasha, wato ranar kare bincike a gaban masu jarrabawa, kuma ai ko kwamfuta tana cike gurbi. Malam, ba zan ɓoye maka ba, na riga na rubuta 40 daga cikin 84 da suka ɓata, da abin da nake tunawa. Yaran nan na gan su da idona, ba ƙirƙiro su na yi ba. Ban tura wa kowa ba tukuna. Akwai aikin da ake jiran in kawo shahada, wato takardar shaidar digiri, ga kuɗin hayar ɗaki a wuyana. Wannan ma ƙarya ce?

Ɗanka, daga Gadarif.

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya kashe wannan wuta, Ya mayar muku da abin da kuka rasa, Ya maida ku gidajenku lafiya. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma tun kafin in kai ƙarshe na gane ka san amsar, so kake wani babba ya faɗa maka ita da baki. To zan faɗa: eh, ƙarya ce. Yaran gaskiya ne, amma lambobin da ka rubuta a gaban sunayensu ba gaskiya ba ne.

Ka duba abin da ke kan kowace takarda. Shekarun yaro, namiji ne ko mace, sau nawa yake shiga tur'a, wato magudanar ruwan noma, a mako, wanka ya kai shi ko ɗiban ruwa ko kamun kifi, sannan uwa-uba yawan ƙwan tsutsar tsargiya da ka ƙirga a madubin likita cikin fitsari mililita 10. Ka san dalilin da ya sa aka ce ka karɓi fitsarin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, ka san kuma ƙwai 50 shi ne iyakar da ke raba ciwo mai sauƙi da mai tsanani. Duk wannan takatsantsan an yi shi ne don lambar da za ta hau takarda ta zama abin da ido ya gani a ranar. Yanzu ka gaya mini tsakaninka da Allah, bayan gudu da yunwa da tsawon lokacin nan, ka tuna yaron nan ɗan shekara tara na gidan da ke kusa da masallaci ƙwai 12 ne ko 70? Abin da zuciya ke ba mutum a irin wannan hali shi ne abin da take zato. Kana tuna cewa ƙauyen da ke bakin babbar tur'a ciwon ya yi yawa, sai hannunka ya riƙa rubuta manyan lambobi a can. Da haka bincike ya koma yana maimaita maka abin da dama ka yi tsammani, alhali an tura ka ne don ka gano ko tsammanin naka daidai ne.

Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne ba ka tura wa kowa ba. Ƙofa a buɗe take. Kada ka tsaya tsince arba'in ɗin daga cikin fayil ɗin da ka riga ka cakuɗa, domin za ka iya barin wasu ko ka goge na gaskiya. Buɗe sabon fayil, ka koma kan hotunan wayarka ɗaya bayan ɗaya, ka shigar da 226 ɗin daga farko. Hotunan kuwa ka kwafe su wuri biyu ko uku yau ɗin nan, ka tura wa kanka ta imel, domin waya ɗaya tal ce tsakaninka da rasa komai.

Yanzu mu zo kan 384 ɗin nan da ta tsaya maka a maƙogwaro. Ɗalibai da yawa suna ɗaukar ta kamar wahayi, alhali lissafi ne mai sauƙi. Ana cewa ne ba mu san yawan masu ciwon ba, don haka mu ƙaddara rabi da rabi ne, muna kuma son kuskurenmu kada ya wuce 5 cikin 100 sama ko ƙasa. Sai a ninka 1.96 da kanta, a ninka da 0.25, a raba da 0.0025, 384 ta fito. Shi ke nan asalinta. Ka sa 226 a lissafin nan ka gani: tazarar kuskuren ta tashi daga 5 ta koma kusan 6.5. Idan kuwa a ce yaro ɗaya cikin biyar ne ka samu da ciwon, tazarar za ta tsaya ne kusan 5.2. Gaskiya ne yaran ƙauye guda suna kama da juna a wannan ciwo, saboda ruwa ɗaya suke shiga, kuma hakan yana ƙara faɗin tazarar, to amma wannan matsala tana nan ko da 384 ɗin ka cika. Ka ga ke nan abin da kake shirin sayar da amanarka a kansa bai wuce maki ɗaya da rabi ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Raunin da ya fi damuna daban ne, kuma ba ka ambace shi ba. Ƙauyuka biyar ka yi alkawari, uku ne a hannunka. Idan biyun da suka ɓata su ne mafi kusa da ruwa, ko su ne kambo inda ba famfo ba rijiya, to hoton da ukun nan za su bayar ba hoton biyar ɗin ba ne. Maganin wannan a rubuce yake: ka gyara taken risalar, wato kundin bincikenka, ta tsaya a kan ƙauyuka uku, ka kuma buɗe babin hanyoyin bincike ka faɗi abin da ya faru tiryan-tiryan. An tsara gwada 384. An gwada 310 daga wata kaza zuwa wata kaza. Bayanan 84 sun salwanta lokacin da yaƙi ya iso Madani. An yi nazari a kan 226. Ƙauyukan da suka fita su ne kaza da kaza, kuma ga yadda suka bambanta da sauran. Abin da kake tunawa game da waɗancan ƙauyuka biyu yana da wuri, amma wurinsa babin tattaunawa, ka ce a iya lurar mai bincike ciwon ya fi yawa a can, kuma babu takardar da ta rage da za ta tabbatar. Mai karatu ya san nauyin da zai ba wannan magana.

Ka tuna hadisin da Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannunsa ciki sai yatsunsa suka ji danshi. Ya tambayi mai kayan, mutumin ya ce ruwan sama ne ya doke shi. Sai ya ce masa me ya hana ka sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya tare da ni. Na daɗe ina tunanin wannan ƙissa a kan aikinmu na bincike. Ba a zargi mutumin don ruwa ya taɓa hatsinsa ba, ai ba shi ya saukar da ruwan ba. Ba a kuma ce ya zubar da kayan ba. An ce ya ɗora jiƙaƙƙen a sama. Kai ma ba kai ka kawo yaƙi Jazira ba, kuma ba wanda zai ce ka jefar da wahalar watanni. Ɗora wurin da ruwa ya taɓa a sama kawai, a shafin da kowa zai gani.

Akwai kuma abin da ya wuce kai da shahadarka. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 ruwa ya fara bin magudanan Jazira, katantanwar da ke ɗauke da wannan tsutsa ta sami gida, kuma 'ya'yan masu aikin gona ne, cikinsu har da namu, suka fi shan wahalarta. Yaro ya yi fitsari a ruwa, ƙwai ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, ya fito ya huda fatar wani yaron. Shekara da shekaru yana rage jini, yana lalata mafitsara, wani lokaci har ƙoda. Maganin kuwa yana nan, praziquantel, ana auna shi da nauyin jiki, miligiram 40 a kowane kilo. A ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022, duk al'ummar da masu ciwon suka kai 10 cikin 100 ana so a raba wa jama'arta maganin kowace shekara, tun daga ɗan shekara biyu. Lambar da ke cikin risala irin taka ke nan tana iya zama dalilin da motar magani za ta tsaya a wani ƙauye ko ta wuce shi. Kada ka ce wa zai karanta risalar majistir. Bayan yaƙin nan, da aka wawashe ɗakunan gwaji aka watsa ajiyar bayanai, duk wanda ya zo tsara aikin lafiya a Jazira zai nemi kowace takarda da ta tsira daga ƙarshen 2023. Taka za ta kasance cikin 'yan kaɗan. Idan yara 158 na cikinta, wato cikon 226 zuwa 384, daga kanka suka fito, babu yadda za a yi mai karatu ya bambance su da na gaske.

Abokinka ya faɗi abu biyu, ɗaya da ƙamshin gaskiya, ɗaya kuskure ne tsantsa. Cewa ba mai ƙirga takarda ranar munaƙasha, sau da yawa haka ne, kuma ba zan tsorata ka da cewa dole a kama ka ba. Mai yiwuwa ka wuce lafiya. Sai dai lambar da mutum ya ƙirƙira tana da kamanni. Hannun ɗan Adam yana son 0 da 5 a ƙarshen lamba, yana gudun maimaita abu, yana raba komai daidai wa daida. Ƙwan tsargiya kuwa ba haka yake ba: yawancin yara ba su da ko ɗaya ko suna da kaɗan, sai 'yan tsiraru su ɗauke ɗaruruwa. Na taɓa zama mai jarrabawa a wata risala inda teburin ya yi kyau fiye da kima, kowane rukuni ya fito sumul, na nemi a kawo mini takardun asali, sai ga fiye da rabinsu da biro ɗaya, rubutu ɗaya, ba ƙura ba lanƙwasa, kamar ba su taɓa fita daga ɗaki ba. Har yau ina jin nauyin ranar, domin yaron yana da ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya tara na gaske ya ishe shi wucewa. A Japan ma an yi wani likitan sa barci, Yoshitaka Fujii, ya shafe kusan shekara ashirin yana buga sakamakon gwaje-gwaje a mujallu. A 2012 wani likita a Ingila, John Carlisle, ya tara gwaje-gwajensa 168 ya auna lambobin, ya nuna sun dace da juna dacewar da ba ta faruwa a marasa lafiya na gaske. Ƙungiyar likitocin fannin a Japan ta bincika ta ce maƙaloli 172 ƙirƙira ce. Takarda ba ta mutuwa, ɗana, kuma na'urorin bincikenta ƙara kaifi suke kowace shekara.

Batun kwamfuta tana cike gurbi kuwa, abokinka ya ji ƙarar ganga ne bai ga mai kiɗa ba. Akwai hanyar lissafi da ake ƙiyasta amsar da ta ɓata, misali yaro yana nan, an gwada fitsarinsa, amma an manta ba a rubuta nauyinsa ba. Ana ƙiyasta wannan gurbi ɗaya daga sauran bayanansa da na 'yan'uwansa, a maimaita sau da yawa, sannan a shelanta a risala cewa an yi haka, ga guraben, ga hanyar. Wannan ba ya haifar da yaron da babu takardarsa ko ɗaya, kuma sharaɗinsa na farko shi ne a faɗa. Ga ma'auni mai sauƙi da za ka riƙe: duk abin da za ka yi wa bayananka, idan za ka iya rubuta shi ɓaro-ɓaro a babin hanyoyi ba tare da gabanka ya faɗi ba, to hanya ce. Za ka iya rubuta "mai bincike ya cike takardu 40 da ka"? 

Saura mushrif. Ina roƙonka kada ka yanke masa hukunci da saƙon layi ɗaya. "Cika adadin" tana iya nufin koma ka ƙaro yara, kuma mai yiwuwa shi ma yana gudun hijira ne a wani gari da ɗalibai ashirin a kansa, bai ma tuna takardunka sun salwanta ba. Rubuta masa a rubuce, cikin ladabin ɗalibi ga malaminsa. Ka gaishe shi, ka tambayi iyalinsa, sannan ka ce: Duktur, abin da ya tsira a hannuna 226 ne na ƙauyuka uku, ga lissafin tazarar kuskure a kansu, ina neman izininka in gyara take in nemi amincewar sashe a kan wannan adadi. Ka haɗa masa da teburi ɗaya na sakamakon gaske. Malami idan aka kawo masa matsala tare da mafita, ya fi saurin cewa to. Idan ya ce ka koma fili ka ƙaro, ka tuna masa da ladabi cewa mutanen ƙauyukan sun watse sun dawo, ruwan magudanan ya yanke ya dawo, don haka yaran yau ba za a zuba su tukunya ɗaya da na 2023 ba. In za a gwada sababbi, su zama rukuni na biyu da kwanan watansu, kuma kwatanta kafin da bayan zai iya fin binciken farko amfani. Idan kuwa ya fito fili ya ce ka rubuta abin da babu, wanda ba na fata, ka ce masa ba za ka iya ba, ba tare da ɗaga murya ko yaɗa shi a gari ba, ka kai buƙatar gyaran take wurin shugaban sashe ko ofishin karatun gaba da digiri. Sunanka ne a bangon risalar, kai ne kuma za ka rantse a kanta.

Arba'in ɗin da ka rubuta, tunda ba su bar hannunka ba, ba na ganin wajibi ne ka je ka tona kanka. Ka goge, ka nemi gafarar Ubangijinka. Amma abokinka ka gaya masa ka fasa, ka gaya masa dalili, wataƙila shi ma yana da kwalin da ya ɓata.

Akwai haƙƙi biyu da ba ka tambaya ba amma suna kanka. Kwalin da ya ɓata yana ɗauke da sunayen yara da na iyayensu da ƙauyukansu da sirrin lafiyarsu, kuma ka yi wa iyayen alkawarin ɓoye shi lokacin da suka yarda. Ka sanar da kwamitin ɗa'ar bincike da ya ba ka izini cewa takardun sun fita daga hannunka, a rubuce, da kwanan wata. Ba laifinka ba ne, amma sanarwar aikinka ce, kuma takardar za ta tsaya maka shaida ranar munaƙasha idan wani ya tambayi ina 84. Na biyu ya fi wannan nauyi: yaran da ka samu da ƙwai a fitsarinsu, sun sami magani kafin a watse? Idan ba su samu ba, sunayensu suna cikin wayarka. Ka nemi ma'aikacin lafiya ko mai unguwa ko malamin allon da ya tara maka su, ka isar da saƙo ga iyayen. Uwar da ta miƙo maka ɗanta da kwalba a hannu ba don shahadarka ta yi ba, tana sa ran a gaya mata abin da ke damunsa.

Ba na ɗora maka laifin duka, domin rabinsa namu ne malamai. Muna koya wa ɗalibi yadda zai fitar da 384, mu karanta masa ma'anar ƙirƙirar bayanai da murɗe su da satar rubutu a lacca ɗaya, wataƙila mu ambaci sanarwar Singafo ta 2010 kan amanar bincike, da ta sa gaskiya a farkon ginshiƙanta huɗu, sai mu sallame shi. Ba ma zaunar da shi mu ce idan firij ya mutu, ko ambaliya ta ci takardu, ko mutane suka ƙi ba ka haɗin kai, ga abin da za ka yi, ga wanda za ka rubuta wa. Sai ɗalibi ya taso yana ganin cikakken adadi shi ne nasara, ragi kuma abin kunya ne. Da an nuna maka tun farko cewa sauya tsari da izini abu ne da ake yi kullum, da ba ka kwana kana cike takardu a ɗakin haya ba.

Maganar aiki da haya ba ƙarama ba ce, ban kuma raina ta ba. Amma ka lissafa da kyau: nazarin 226 da ke hannunka ya fi sauri a kan ƙirƙiro 158 da daidaita su don kada su tona kansu. Abin da zai ɗauki lokaci shi ne amincewar sashe, don haka wasiƙar mushrif ta fita a makon nan. Ka kuma nemi jami'a ta ba ka takardar shaida cewa ka gama darussa kana matakin risala, ka kai wa masu aikin, ka gaya musu gaskiyar abin da ya jinkirta ka. A Sudan ta yau ba wanda zai yi mamakin jin yaƙi ya ci wa mutum takardu.

Idan ka gama shigar da 226 ɗin ka rubuto mini abin da ya fito, musamman bambancin maza da mata da na masu shiga tur'a kullum, zan duba maka teburin kafin ka kai. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce ina yi mata sannu da haƙuri.